Sararin sama ma yana da iyakoki: ɓatan hanyar ƙananan jirage

Duk wanda ya taɓa tafiya daga Maraɗi zuwa Katsina ya san yadda iyaka take. Ga shinge, ga tuta, ga ƴan duwan da jandarmomi, kuma ba mai wucewa sai ya nuna takardunsa. Ko a cikin gari, in mutum ya doshi barikin soja zai ga bango da mai gadi, ya san nan ba wurin shiga ba ne. To, sararin sama ma haka aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da mai shi da dokokinsa. Sai dai a sama ba shinge, ba kuma mai gadin da zai ɗaga hannu ya ce a tsaya. Iyakokin suna bisa taswira kawai, matuƙin jirgi kuwa yana iya ƙetare su bai sani ba.

Manyan jiragen fasinja ba su cika faɗawa cikin wannan kuskure ba, don matuƙa biyu ne a cikinsu, kuma tun daga tashi har sauka suna hannun ma'aikatan da ke ba su umurni ta rediyo. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ƙananan jirage, irin masu inji ɗaya da kujera biyu ko huɗu, waɗanda mutum kan saya ko ya yi haya don harkar gabansa ko don sha'awa. A Amurka akwai jirage sama da 200,000 waɗanda ba na soja ba, ba kuma na kamfanonin jigilar fasinja ba. A Ingila, a yawancin shekarun nan, hukumar kula da jiragen farar hula takan samu rahoto fiye da 1,000 a shekara na jirgin da ya shiga inda ba a ba shi izini ba. Mafi yawan waɗannan kurakurai suna ƙarewa da gargaɗi. Amma akwai waɗanda suka ci rayuka, akwai kuma waɗanda suka tashi hankalin babban birni gaba ɗaya.

Yadda aka raba sararin sama

Tushen dokokin shi ne yarjejeniyar da ƙasashe 52 suka sa wa hannu a birnin Shikago ran 7 ga Disamba 1944. Ayarta ta farko ta tabbatar da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko bisa sararin saman da ke kanta. Daga wannan yarjejeniya aka kafa ƙungiyar kula da jiragen farar hula ta duniya, OACI, wadda ke da mazauni a Monreyal ta Kanada, kuma ƙasashe 193 ke cikinta yau. A ƙa'idarta, duk jirgin da zai ƙetare iyakar ƙasa dole ne matuƙinsa ya ajiye takardar tsarin tafiya kafin ya tashi, ya faɗi inda ya fito, inda ya nufa, da hanyar da zai bi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yamai da Maraɗi kusan a layi ɗaya suke daga yamma zuwa gabas. Mota takan bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni da Madawa, duk cikin Nijar. Amma in aka ja zare miƙe tsakanin biranen biyu, zaren zai ratsa ta cikin jihar Sakkwato. Wato matuƙin da ya ce zai bi gajeriyar hanya, ko da daga garin Nijar ya tashi kuma garin Nijar ya nufa, ya shiga sararin Najeriya, inda Kano ke da alhakin kula da zirga-zirga. A ɓangarenmu hukumar ASECNA ce ke wannan aiki. An kafa ta a Senegal ran 12 ga Disamba 1959, tana da babbar cibiya a Yamai, kuma a Yamai ɗin ne makarantarta ta EAMAC take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, wato kwanturola.

Bayan iyakar ƙasa akwai iyakoki na cikin gida. Na farko shi ne yankin da ke kewaye da manyan filayen jirage. Siffarsa kamar ta babban itace ce: siriri a gindi, daidai filin jirgin, sannan ya yi ta faɗi yayin da aka yi sama. Ƙaramin jirgi yana iya wucewa ta ƙarƙashin rassan ba tare da ya tambayi kowa ba, amma in ya hau sama kaɗan ya shiga cikinsu, ya shiga hanyar manyan jirage masu sauka da tashi. Nan sai da izinin kwanturola. Na biyu shi ne wuraren da aka haramta ko aka taƙaita, kamar fadar shugaban ƙasa da filin atisayen soja. Na uku kuwa shi ne haramci na ɗan lokaci, wanda ake kafawa saboda ziyarar wani shugaba, ko babban taro, ko gobarar daji. Irin wannan ba ya cikin taswira. Ana sanar da shi ne ta takardun sanarwa da ake kira NOTAM, kuma wajibi ne matuƙi ya karanta su kafin kowace tafiya, don inda aka wuce lafiya jiya yana iya zama haramtacce yau.

Abin da ke ɓatar da matuƙi

Yawancin masu ƙananan jirage da ido suke tafiya. Matuƙi yana duban hanyar mota, kogi, tsauni ko gari, yana gwadawa da taswirarsa. Shi ya sa doka ta ce a mafi yawan wurare sai yana iya hangen nisan kilomita 5 kafin ya yi irin wannan tuƙi. Mu da muka san hazon hunturu, wanda wani lokaci yakan hana ganin abin da ke nisan kilomita ɗaya, mun san yadda alamun ƙasa ke ɓacewa.

Ga kuma lissafi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana gudun wajen kilomita 200 a awa, wato sama da kilomita 3 a kowane minti. Matuƙin da ya sunkuyar da kai minti biyu yana neman wani abu a taswira ya ci kilomita 6 ko 7 bai duba waje ba. In ya karkace da digiri ɗaya tak a kamfas, bayan tafiyar kilomita 60 ya kauce da kilomita ɗaya; in digiri 10 ne, ya kauce da kilomita 10. Iska mai gudun kilomita 30 a awa, in tana bugun jirgi daga gefe kuma matuƙi bai gyara ba, cikin awa guda ta ture shi kilomita 30 daga hanyarsa. Haka nan agogon da ke nuna masa tsawon da ya kai a sama da nauyin iska yake aiki, kuma sai an riƙa daidaita shi. Wanda ya manta, agogon yana iya ɓata masa lissafi da mita gommai, ya ɗauka yana ƙarƙashin rassa alhali ya riga ya shiga ciki.

Na'urar GPS ta rage ɓata ƙwarai, amma ita ma ta kawo nata. Tana ja wa matuƙi layi miƙe daga nan zuwa can, in kuwa bai sabunta bayanan cikinta ba, ko bai duba abin da layin ya ratsa ba, sai ta kai shi daidai inda aka hana. Sauran dalilan na ɗan Adam ne: tsohuwar taswira, rashin karanta sanarwa, hira da fasinja, gaggawar isa kafin dare. Mafi muni a cikinsu shi ne kunya. Matuƙi ya ga alamar ya ɓata, amma ya ƙi kiran kwanturola don kada a ji shi a rediyo yana tambayar hanya, ya yi ta tafiya yana fatan zai gane wurin. Hausawa kuwa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Hatsarin Seritos

Wanda ya ɗauka wannan ƙaramin laifi ne, ya dubi abin da ya faru kusa da Los Anjelis ta Amurka ran Lahadi 31 ga Agusta 1986. Da hantsi, gari garau ba hadari ba hazo, wani mutum ya tashi da ƙaramin jirgi samfurin Piper, tare da matarsa da ƴarsa, za su wani wurin shaƙatawa a kan duwatsu. Yana cikin hawa sama sai ya shiga yankin babban filin jirgin Los Anjelis ba tare da izini ba, ba kuma tare da ya yi magana da kwanturola ba. A wurin, gindin haramtaccen yankin yana wajen mita 1,800 daga ƙasa. Shi kuwa ya kai wajen mita 2,000.

A daidai wannan lokaci jirgin fasinja na kamfanin Aeroméxico, samfurin DC-9, yana gangarowa don sauka da mutum 64 a cikinsa. Kwanturolan da ke kula da shi hankalinsa ya rabu, saboda wani ƙaramin jirgi na dabam shi ma ya kutso yankin ba izini, yana fama da shi. Jirgin Piper kuma ba shi da na'urar da ke nuna wa rada tsawon da jirgi yake. Ƙaramin jirgin ya bugi wutsiyar babban, babban ya kife ya faɗo cikin unguwar Seritos, bisa gidajen mutane. Duk waɗanda ke cikin jiragen biyu sun mutu, mutum 67, da mutum 15 a ƙasa. Jimla 82.

Masu bincike ba su ɗora laifin a kan matuƙin shi kaɗai ba. Sun nuna cewa tsarin kula da zirga-zirgar kansa yana da rauni, kuma dogaro da ido don kauce wa karo bai isa ba, tun da jiragen biyu suna cikin sarari amma ba wanda ya kauce. Daga nan Amurka ta tilasta wa ƙananan jirage masu yawo kusa da manyan filaye su sa na'urar da ke sanar da tsawonsu, a 1987 kuma majalisar dokokinta ta wajabta wa jiragen fasinja na'urar gargaɗin karo, wadda ake kira TCAS. Yau manyan jiragen fasinja na duniya da ita suke tashi.

Ko ba a yi karo ba, ɓataccen jirgi yana da tsada. Kwanturola bai san inda ya nufa ba, saboda haka dole ya nisantar da kowa daga gare shi. Sai a dakatar da masu tashi, a sa masu sauka su yi ta kewaya a sama suna ƙona mai, ɗaruruwan fasinjoji su makara saboda mutum ɗaya.

Ranar da aka watse a Washinton

Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta tsananta tsaro a sararin babban birninta. A 2003 aka kewaye Washinton da wani yanki na musamman, wanda ba a shiga sai da izini da magana ta rediyo. Ran 11 ga Mayu 2005, wani dattijo da wani mai koyon tuƙi suka tashi daga jihar Pensilbaniya cikin Cessna 150 mai kujera biyu, za su kallon wasan jirage a jihar Karolina ta Arewa. Suka ɓata, suka miƙe sai tsakiyar birnin. An yi ta kiransu ta rediyo ba amsa. Aka tura jirgi mai saukar ungulu, sannan jiragen yaƙi biyu samfurin F-16, waɗanda suka harba wutar gargaɗi a gabansu. Kafin su juya sun kai wajen kilomita 5 daga fadar White House.

A ƙasa kuwa an ba da umurnin a fice daga fadar, da majalisar dokoki, da kotun ƙoli. Dubban ma'aikata suka fito tituna da gudu. Aka fitar da mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, aka kai matar shugaba George Bush wurin ɓuya. An raka jirgin har wani ƙaramin fili a jihar Merilan, aka tsare mutanen biyu, aka yi musu tambayoyi, aka sake su da aka tabbatar ɓata ne kawai. Amma hukumar jiragen sama ta ƙwace takardar izinin tuƙin dattijon, ta ce bai yi shirin tafiya yadda ya kamata ba, kuma da ya ɓata bai nemi taimako ba. A wannan watan aka fara amfani da fitilu masu ƙarfi, ja da kore, waɗanda ake haska wa ɓataccen jirgi daga ƙasa. Daga 2009 kuma, duk mai tuƙi da ido da zai kusanci Washinton da wajen kilomita 110 sai ya yi wani darasi na musamman.

Duk da haka abin bai ƙare ba, don haramci yana bin shugaban Amurka duk inda ya je, da'ira mai nisan wajen kilomita 55 daga inda yake. Ran 4 ga Yuni 2022 sai da aka fitar da shugaba Joe Biden da matarsa daga gidansu na hutu a bakin teku, a jihar Delawaya, saboda wani ƙaramin jirgi. Masu tsaronsa suka ce kuskure ne: matuƙin bai bi sanarwar da aka buga ba, rediyonsa kuma ba ta kan tashar da ta dace.

Ɓatacce ne ko maƙiyi?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake tashin jiragen yaƙi saboda jirgin da bai fi ƙaramar mota nauyi ba? Dalili shi ne wanda ke ƙasa ɗigo kawai yake gani a rada, ɗigo kuwa ba ya faɗin abin da ke zuciyar matuƙi. An kuma taɓa ganin masu yi da gangan. Ran 28 ga Mayu 1987 wani saurayi ɗan Jamus ta Yamma mai shekara 18, Matiyas Rust, ya tashi daga Finlan da Cessna 172, ya ratsa tsaron Tarayyar Sobiyet, ya sauka a tsakiyar Mosko kusa da fadar Kiremlin. Shugaba Gorbachev ya sallami ministan tsaro da shugaban rundunar kare sararin sama. A Satumba 1994 kuma wani mutum ya saci ƙaramin jirgi ya faɗa da shi cikin harabar White House. Sojan da ke gadi yana tsakanin tsoro biyu: in ya ƙyale maƙiyi ya wuce, laifinsa ne, in ya harbi marar laifi, jini yana wuyansa. Mintoci kaɗan gare shi ya yanke shawara.

Duniya ta ga abin da gaggawar harbi ke haifarwa. Ran 1 ga Satumba 1983 jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka hallaka. Saboda wannan, ran 10 ga Mayu 1984 ƙasashen OACI suka ƙara wata aya a yarjejeniyar Shikago, wadda ta fara aiki a 1998. Ta hana amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke cikin tafiya, amma ta bar wa kowace ƙasa ikon ta tilasta wa jirgin da ya shigo mata ba izini ya sauka, shi kuma dole ya bi. Duk da wannan aya, ran 20 ga Afrilu 2001 sojan saman Peru suka harbi wani ƙaramin jirgi na ƴan mishan, suna zaton na masu fataucin ƙwaya ne. Wata mata da jaririyarta mai wata 7 suka mutu. Bincike ya nuna ba a bi matakan gargaɗi yadda aka tsara ba, kuma bambancin harshe tsakanin sojan Peru da Amurkawan da ke taya su sintiri ya ƙara dagula al'amarin.

Don kauce wa irin wannan ne aka tsara alamu waɗanda kowane matuƙi ya kamata ya haddace. Jirgin soja zai zo ta hagu, ya ɗan wuce gaba, ya kaɗa fikafikansa: ma'ana an tsare ka, biyo ni. Wanda aka tsare shi ma sai ya kaɗa nasa, ya bi. In jirgin sojan ya saukar da ƙafafunsa ya ratsa bisa wani fili, ma'ana sauka nan. In ya yi kwana da ƙarfi ya yi sama ya rabu da shi, ma'ana ci gaba da tafiyarka. Matuƙin kuma zai murɗa rediyonsa zuwa tashar gaggawa ta duniya, lamba 121.5, ya sa lamba 7700 a na'urar da ke sanar da rada ko shi wane ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

In aka duba waɗannan labarai, za a ga yawancin kuskuren tun a ƙasa aka fara shi, kafin inji ya tashi. Maganinsa ma a ƙasa yake. Matuƙi ya zauna da sabuwar taswira, ya ja hanyarsa, ya duba kowane yanki da za ta ratsa. Ya karanta sanarwar ranar, ya tambayi ma'aikatan yanayi labarin iska da hazo. A Ingila ana shawartar matuƙa su bar tazarar wajen kilomita 4 daga gefen haramtaccen yanki, don ko iska ta ture su kada su faɗa ciki. In yanayi bai yi kyau ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A sama kuma ya bar na'urar sanar da kai a kunne, rediyo a buɗe, kuma da zarar ya yi shakkar inda yake ya yi magana. Kwanturola yana iya mayar da ɓataccen da ya yi kira kan hanya cikin minti ɗaya. Wanda ya yi shiru shi ne ake tashin jirgin yaƙi dominsa.

Hukumomi ma suna da nasu nauyi. Sanarwar NOTAM sau da yawa tana zuwa da yawan gaske, cike da gajerun kalmomi masu wuyar ganewa, har muhimmin abu ya ɓace a cikin tarkace. Ya kamata a sauƙaƙe ta. Horo kuma ya zama daidai da laifi. Wanda ya yi kuskure ya kawo rahoton kansa, a mayar da shi darasi ya fi amfani, kamar yadda Ingila ke yi, don in tsoron hukunci ya yi yawa matuƙa za su riƙa ɓoye kuskurensu, har wani ya kashe na'urarsa don kada a gane shi. Ƙwace takarda da gurfanarwa gaban kotu a bar su ga mai ganganci da mai maimaitawa. Sojan da ke gadin sararin ƙasa kuwa, a horar da shi ya bi matakan gargaɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma ya kasance akwai layin magana a buɗe kullum tsakaninsa da kwanturolan farar hula, da kuma tsakanin cibiyoyin ƙasashe maƙwabta, don a gane ɓataccen jirgi tun kafin a kai ga ɗaukar makami.